Rabo na Hawa'u a Kan Wata

Laifin nawa ne, na yarda, amma rabinsa na Faransanci ne. Harshen da za a rubuta kalma da haruffa biyar, a ce ka karanta huɗu ka haɗiye ɗaya, ai dole wata rana ya jawo wa wani bawan Allah magana. Ni ya jawo wa, a shekarar 1986, ina malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tungar Gawo, can bayan Bazaga. Sunana Badaru, mutumin Damagaram, amma a garin ba mai kirana sai Mushe, wato monsieur na Faransanci.

Gwamnati ta kawo wa garin tele guda ɗaya, baƙi da fari, da farantin da ke shan rana ya cika batir. An ajiye ta a gidan samariya cikin akwatin ƙarfe, makulli a hannuna, don ni kaɗai ke jin Faransanci a garin. Da an idar da sallar magariba sai a shimfiɗa tabarmi, maza gaba, mata baya, ni kuwa in tsaya a gefe da 'yar sanda ina fassara. Hausata ma kullum sai sun yi mata gyara, amma haka muke lallaɓawa.

Akwai wata tsohuwa mai daddawa a garin, Hawa'u, da ɗanta guda ɗaya tak, Rabo. Ni ban san shi ba, kafin in zo ya tafi. An ce ya yi 'yan shekaru yana tura baron duwatsu a wajen Malbaza, sai wata rana ya hau babbar mota ya nufi Libiya ta Agadas. Shekara bakwai ke nan. Ba wasiƙa, ba kaset, ba wanda ya dawo ya ce ya gan shi. Baƙo, ƙanen mahaifin Rabo, ya daɗe yana cewa a yi wa yaron sadaka irin ta mamaci. Ba mugun mutum ba ne Baƙo. Abin da ke hana shi sukuni shi ne kada ɗan yayansa ya kasance yana kwance cikin rairayi, su kuwa suna nan sun hana shi addu'a. Hawa'u ta ƙi, ta ƙi, har dattawa suka gaji da ƙinta. Da aka gama kai gero rumbu, liman da maigari suka sa rana: Juma'a ta sama, a daka gumba, a yi wa Rabo sadaka, magana ta ƙare.

Saura kwana goma sha biyu aka nuna shirin nan.

Tsohon shiri ne na Turawa, hoton ma duk ya yi dishi-dishi. Ga wani fili fari fat, babu ko ciyawa, ga wani abu mai kama da ƙaton baro, ƙafafu takwas, yana rarrafe a hankali.

"Nan kan wata ne," na ce, ina nuni da sanda. "Wannan kuma da kuke gani, sunansa robo. Turawa suka aika shi."

"Wa?" in ji Alkasum wanzami, wanda kunnensa ya daɗe da yin nauyi, shi ya sa yake zama gaba.

Na ɗaga murya. "Robo!"

"Rabo? Wane Rabo?"

Sai wata murya daga wajen mata: "Rabo na Hawa'u?"

Nan ya kamata in kashe tele in zauna da su. Amma Baturen da ke magana a ciki ba ya jiran kowa, ni kuma ina da girman kan malami, ba na son jimla ta wuce ni. Na ce, "Ku saurara mana! Aikinsa bin duwatsu, yana dubawa ɗaya bayan ɗaya."

"Dutsi!" in ji wani. "Ai aikinai na tun Malbaza."

"Ga baronai nan ma. Sun ƙara mai ƙahwahu."

"To shi ina shike? Ban gane shi ba."

"Bayan baron mana! Wa ka tura baro ta gaba?"

Na ci gaba. "Ba ya motsi da kansa, sai an ba shi umarni. In an ce tafi, ya ɗan taka kaɗan ya tsaya, ya jira a sake cewa."

Wuri ya kaure da dariya. Waɗanda suka yi noma da Rabo har suna dukan cinya. Ni kuwa wawa, maimakon in yi shiru, sai na kawo wadda ta ƙarasa ni: "In daren wata ya yi, sai ya ja murfi ya rufe kansa, ya kwanta sati biyu bai motsa ba."

Alkasum ya miƙe tsaye. "Jama'a, shi na! Ni niy yi mai kaciya. Ko rannan barci yay yi."

Aka tambaye ni wa ke ba shi umarnin. Na ce daga nan ƙasa ake juya shi da wani abu wai shi telekomand. Kan in rufe baki kalmar ta kai bayan fili ta dawo ta zama kumandan, babban mai mulkin yanki. Ashe kumandan ne ya kama Rabo ya kai shi aikin dole, shi ya sa ba wasiƙa. Tsofaffin da suka ga zamanin aikin tilas suka girgiza kai, suka ce ai sun san halin kumandan. Baturen ya ƙara da cewa nan gaba irin su robo za su gina gidaje a kan wata kafin mutane su je su zauna, na fassara wannan ma, sai batir ya mutu, hoton ya tsuke ya ɓace.

Duk abin nan Hawa'u na zaune a wajen mata. Sai da aka fara naɗe tabarmi ta tashi, ta gyara ɗaurin zane, ta tsaya inda Baƙo zai ji ta.

"Baƙo, ka gani da idonka. Ana yi ma mutumin da anka nuna ga tele sadaka?"

Na yi ƙoƙari, Allah ne shaida. Washegari na rubuta kalmar da manyan haruffa a allon lakwal, na ce wa 'yan aji su je gida su faɗa wa iyayensu akwai harafi a ƙarshe wanda sunan Rabo ba shi da shi. Suka tuna mini ni da bakina na koya musu ba a karanta shi. Na je majalisar bakin masallaci na ce shirin ya girmi tafiyar Rabo da shekaru. Aka ce tele ba ta nuna tsohon abu, in ba haka ba don me ake kiransa labarai? Na ce ƙarfe ne. Alkasum ya ce ai kowa ya ga ƙarfe, baro da mi ake yinsa?

Kafin kwana uku ƙofar Hawa'u ta zama kamar ta maigari. Tun da gidaje za a gina, kowa na son Rabo ya kama masa wuri. Alkasum ya ce a ba shi kusa da masallaci. Wani ya ce shi gona yake so, tun da a hoton bai ga tsuntsu ko fara ba. Wani makiyayi ya zo daga rugarsu takanas don ya ji ko akwai burtali. Matan unguwa kuwa saƙonsu ɗaya ne: in azumi ya zo ƙarewa, Rabo ya taimaka ya ɗan turo watan da wuri, kada mutanen Najeriya su riga mu cin naman salla suna yi mana dariya ta kan iyaka. Daddawar Hawa'u ba ta ƙara kwana ba. Ita kuma tana zaune a kan turmi, tana karɓar saƙo da fuskar uwar babban ma'aikaci, tana cewa, "To, in mun yi magana ni hwaɗa mai."

Ranar Laraba, ranar kasuwar Konni, da sassafe na ji sallama a ƙofata. Hawa'u ce, da zabo a hammata, da ƙullin dakuwa.

"Mushe, tashi ka raka ni wurin kumandan. A ba yaron ga hutu shi zo a gane shi, ko na kwana biyu na."

Na ce ina da aji. Ta ce ajin ba ya gudu. Na hau amalanken jaki.

A buron jandarma, wato ofishin 'yan sandan karkara, muka sami wani Bazabarme dogo, Hamani, zaune gaban keken rubutu. Hausarsa ta kasuwa ce, ta isa sayen albasa, ba ta isa wannan magana ba. Ya sa takarda, ya gyara zama.

"Suna?"

"Rabo."

"Ina yake yanzu?"

"Wata."

Ya ɗaga yatsu yana jira. "Wata mi?"

"Wata dai."

"Wata ƙasa? Wata gari?"

"Wata, ɗana, wata!" Ta nuna sama. Hamani ya ɗaga kai ya dubi fankar da ke juyawa a rufi, ya dawo da kai.

"To. Wata nawa?"

"Guda na mana. Ku nan kun taɓa ganin biyu?"

Na ga abin zai kai mu azahar, na matsa na yi masa bayani da Faransanci, ƙasa-ƙasa, tun daga baro har kumandan. Hamani ya ciji leɓe. Ya ce a gafarce shi, ya fita ya zaga bayan buro. Muna jin wani abu kamar kukan jaki da aka toshe wa baki. Da ya dawo idanunsa sun yi ja, amma ya zauna da mutunci. Ya cire waccan takarda ya sa sabuwa, ya tambaye ta shekarar da yaron ya tafi, da irin motar, da tsagen fuskarsa, ya buga duka. Ya ce zai aika wa abokan aikinsa na arewa, amma bai yi mata alkawarin komai ba. Zabon kuma ya ce ta mayar gida.

"Ni kumandan nika son gani," in ji Hawa'u. "Wanda ka juya shi."

Hamani ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya shiga ciki, ya fito da wani ɗan baƙin abu mai maɓallai, na bidiyon maigidansa, ya ajiye a kan tebur.

"Inna, ga telekomand."

Ta durƙusa. "Ranka shi daɗe."

Hamani ya sake cizon leɓe. Ita kuwa ta tashi ta leƙa abin, ta gefen dama, ta gefen hagu.

"Ashe ƙanƙane na. Duk wahalar ga, wanga abu ka sa ta?" Ta goge hannu a zane, ta ɗauke shi. "Wanne ka kiran mutum gida?"

Dariyar da ke cikina ta tsaya. Hamani ya nuna mata wani maɓalli mai kibiya biyu. Ya ce wannan shi ke mayar da abu baya. Ta ɗora babban yatsa a kai ta danna, ta riƙe, ta daɗe tana riƙe da shi. Fanka na juyawa, zabo na mutsu-mutsu a hammatarta. Daga nan ta ajiye abin a hankali, ta yi godiya, muka fito.

A hanyar komawa mai amalanke ya sauka yana jan jakin ta wurin yashi, muka rage mu biyu. Na tattara ƙarfin halina.

"Inna, abin nan da aka nuna, ba Rabo ba ne. Inji ne. Ƙarfe da waya, ba mutum a bayansa."

Ba ta ko juyo ba. "Mushe, kai ka karatu, amma ni na riga ka zuwa duniya. Mutum na haihwa, ban haihi baro ba. Tun daren nan na sani."

"To don me duk wannan? Zabo, dakuwa, kumandan?"

"Shekara bakwai, in na tahi rijiya mata na tambaya ta ina Rabo, in ce ban sani ba. Har sunka bar tambaya. Satin ga kowa na kiran sunanai, ana dariyar barcinai. Ina da wurin da nika nunawa da yatsa." Ta juyo ta dube ni. "In anka daka gumbar nan, an rufe shi ke nan. Ni ban ga gawa ba."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba gaban sufeton lakwal. Kwana tara ina yawo ina gyara wa mutane harafi, ashe ni kaɗai ne ban gane karatun ba.

"Ban ce ka yi ƙarya ba," ta ce. "Ka yi shiru dai, Jumma'a ta wuce."

Na ce to. Da zuciya ɗaya na ce to.

Amma Baƙo bai bar ni na yi shirun ba. Ranar Alhamis bayan la'asar aka aiko kirana ƙofar maigari. Gari ya taru, liman na zaune, mata na tsaye daga bakin darni, Hawa'u a cikinsu. Gaban Baƙo ga buhun geron da za a kai wa mata su daka na sadakar gobe. Ya rame cikin kwanakin nan, ban lura ba sai ranar.

"Mushe," ya ce, "kai ad da ilimin abin ga. Kullum muna gardama da kai, yau ni bar gardama. Don Allah, don Annabi, abin da munka gani, ɗan yayana na, ko ba shi na ba? In shi na, wallahi rago nika yankawa. In ba shi na ba, kak ka bari mu hana mamaci addu'a."

Da ya yi mini tsawa ne, da na san yadda zan zille. Amma roƙona ya yi. Na dubi wajen darni, Hawa'u ta kafe ni da ido. Na dubi Baƙo. Ban taɓa jin na tsani sanin abu ba kamar ranar.

"Ba shi ba ne," na ce. "Ƙarfe ne. Robo sunan injin, ba Rabo ba. Kumandan kuma babu shi."

Wannan karon ba wanda ya yi musu. Alkasum ya tambayi na kusa da shi mi anka ce, da aka faɗa masa ya yi tsaki, ya ce to filinsa na kusa da masallaci fa? Aka ce ya yi shiru. Baƙo ya sunkuyar da kai ya ɗora hannu a kan buhu. Ban iya sake duban darni ba.

Liman mutum ne mai son ya ji ƙarshen kowane labari, ko na ƙarfe ne. Ya gyara murya.

"To Mushe, shi ƙarhen, mi aƙ ƙarshenai? Batir ya mutu ba mu gani ba."

Na san ƙarshen, don na taɓa karantawa muna makarantar horon malamai. Na ce, "Ya yi wajen wata goma yana aiki. Wata rana masu juya shi suka kira, bai amsa ba."

"Sai mi?"

"Suka yi ta kira, suna danne-danne, kamar sati uku. Da suka ji shiru sai suka rubuta cewa aiki ya ƙare, suka kashe na'urarsu, kowa ya tafi gida."

"Sun ga gawatai?"

Daga bakin darni tambayar ta fito, muryar Hawa'u. Mace ba ta magana a wannan zama, amma ba wanda ya tanka mata.

"A'a, Inna. Ba wanda ya je."

"Shina can ke nan."

"Yana can inda ya tsaya."

Hawa'u ta gyaɗa kai, kamar mai jin labarin sakacin wasu maƙwabta.

"Sati ukku," ta ce. "Ai dole su gaji. Ba su sunka haihe shi ba."

Liman ya koma jan carbinsa. Maigari ya dubi Baƙo, don maganar tasa ce. Baƙo ya daɗe zaune, hannunsa a kan buhu, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Can ya miƙe, ya kama kunnen buhun, ya ƙi a taya shi, ya ɗora a kai. Jama'a suka buɗa masa hanya. Bai nufi wajen mata masu daka ba, ya bi lungun da ke zuwa rumbunsa.

Washegari Juma'a, ba a daka gumba a Tungar Gawo ba.